Ruwan Agali

Har yau in mutanen Fagge suka ga na yi tagumi a ƙofar gida sai su ce, "Bukar ya koma Faransa." Faransar da suke nufi ƙasar arewa ce da Faransawa ke mulka a lokacin, can bayan Agadas, inda na bi Turawan neman man fetur gab da a ba mu mulkin kai. Ban dawo da arziki ba, ban kuma dawo da Faransanci ba in ban da zagi. Abin da na dawo da shi labarin ruwan wani dattijo ne, ruwan da shi da iyalinsa suke rayuwa a kansa, wanda ya ɓoye wa kowa amma ya nuna mana don tausayi.

Mu biyu muka tafi. Ni mai tsire ne a bakin kasuwar Sabon Gari. Abokina makanike ne, Ibo, haifaffen Sabon Gari. A coci Sande aka sa masa, mu muka mayar da shi Ɗanladi, har uwarsa ta koma kiransa haka. Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi, don ni a gidanmu kakata ba ta amsa gaisuwa sai da Barbarci. Wani dillali mai haƙorin Makka ne ya kwashe mu da zaƙin baki. Ya ce Ɗanladi zai zama shugaban makanikai, ni kuma kukun manyan Turawa a gida mai fanka.

A Damagaram muka gane an yi mana sakiyar da ba ruwa. Dillalin ya miƙa mu ga wani Balarabe mai lori, ya ce mu jira shi zai sayo goro. Ina jin har yanzu yana can yana ciniki. Balaraben bai san zancen wani gida mai fanka ba. Ya nuna mana saman lorinsa, bisa durorin fetur, ya ce mu hau ko mu koma da ƙafa. Muka hau. Rana ta gasa mu ta sama, ƙarfe ya gasa mu ta ƙasa. Ɗanladi ya ce, "Bukar, yau dai kai ne tsiren, yaji kawai ya rage." Ban yi dariya ba, don leɓena ya riga ya tsage.

A Agadas wata tsohuwa mai sayar da fura ta ji muna magana, ta saki ludayinta. Ta ce, "'Ya'yan nan, daga Kano?" Ashe 'yar Rijiyar Lemo ce, aure ya kawo ta tun tana budurwa, mijin ya mutu, hanya ta gagara. Ta kai mu gidanta ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallonmu muna ci, tana jero sunayen mutanen da duk sun mutu kafin a haife mu. Na ce mata suna nan lafiya. Da za mu tafi ta ƙulla mana daddawa a tsumma, ta bi lorin da ido har muka sha kwana. Ranar ce na fara kukan gida, a ɓoye, na ce hayaƙin mota ne.

Daga nan sai rairayi, sai tsakuwa, sai wasu duwatsu baƙaƙe masu tsayi kamar an ƙona su. A gindinsu Turawan suka kafa tantuna. Babbansu wani jan mutum ne da ba ya rabuwa da lofen taba, sai leburori suka sa masa Mai Lofe. Aikinsu kuwa, in ba ka gani da idonka ba ba za ka yarda ba. A shimfiɗa waya mai tsawon gaske, a haƙa ramuka a jere, a cusa nakiya, kowa ya toshe kunne. In ta tashi sai ƙasa ta girgiza har cikin haƙoranka, duwatsu su amsa, manyan falalai su gangaro. Su kuma Turawan suna cikin wata mota wai suna sauraron ƙasa, ita za ta gaya musu ko akwai mai a cikinta. Inda dutse ya tare hanya sai katafila ta ture shi. Na ga wani falale da mutanen dauri suka zana raƙuman dawa da shanu a jikinsa, aka fasa shi aka yi ciko da shi don lori ta wuce.

Ɗanladi ya sami aikinsa na makanike, sai dai shi ne shugaba, shi ne yaro. Ni aka ba ni tukunyar leburori. Aka kuma ƙara mini wani aikin da ban nema ba. Leburorin duk Musulmi ne, ba sa cin naman da ba a yanka ba, Mai Lofe kuma mutum ne mai son harbi. Don haka duk yammacin da zai fita farauta sai a ɗora ni a bayan jif da wuƙata. A kori barewa da mota, a yi ta korar ta har ƙafafunta su daina ɗaukar ta, sannan a harbe. Ni kuma in diro da gudu in yi bismillah in yanka kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe. Farkon zuwanmu garke-garke muke gani, barewa da mariri masu dogayen ƙahoni, har kusa da tantuna suke kiwo, ba su san mota ba balle su ji tsoronta. Wani lokacin a kashe fiye da abin da za a ci, a ɗauki cinyoyi a bar wa ungulu saura. Kafin shekara ta zagayo sai mu yi tafiyar yini ba mu ga ko kashinsu ba. Ni da na girma a cikin nama, sai ga shi ko ƙanshinsa ba na so.

Mai nuna wa Turawan hanya wani Buzu ne dattijo, Agali, dogo, siriri, idanunsa kaɗai ake gani a cikin rawani. Yana jin Hausar Agadas. Bai cika magana ba, naman jif kuma bai taɓa sa shi a baki ba. Iyalinsa suna wani wuri a cikin duwatsun, ba wanda ya san ina. Bakano yake ce mini, ni kuma in ce masa Baba.

Babbar wahalar wurin ruwa ce. Daga nesa lori ke kawo shi a cikin durorin da aka taɓa zuba fetur, ɗumi, da wani maiƙo-maiƙo a samansa. In ka yi gyatsa sai ka ji tsoron matsawa kusa da wuta. Injin haƙa kuma ya fi mu duka shan ruwa. Kullum Mai Lofe sai ya tare Agali da gurguwar Hausarsa, "Ruwa ina? Ruwa ina?" Agali ya ɗaga hannu sama ya ce ruwa na wurin Allah. Duk leburan da ke wurin ya san mai awaki ba ya zama inda babu ruwa, amma ba wanda ya buɗe baki.

Sai atuni ya kama Ɗanladi. Tun yana fita da ƙafarsa har ya koma sai na ɗauke shi. Aka ba shi ƙwayoyi, in ya haɗiya da ruwan duro sai ya amayar da su. Mutumin da bakinsa ba ya shiru ya koma ido kawai. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "In ka je gida, ka ce wa Mama zazzaɓi ne. Kada ka ce zawo, 'yan layinmu za su yi mini dariya." Na ce ya rufe mini baki. Amma da na fita sai na zauna a bakin tantin, don na hango uwarsa zaune a rumfarta ta manja, na rasa da wane baki zan tsaya a gabanta.

A nan Agali ya same ni. Ya leƙa tantin, ya daɗe yana duban mara lafiyan, ya fito. Ya ce, "Ruwan ga ne ke kashe shi. Gobe in ka yi sallar asuba, ka biyo ni. Ka ce za ka neman itace."

Muka hau dutse da ƙafa. Ni ɗan birni, tudun da na sani bai wuce Dala ba, sai haki nake kamar tsohon jaki, shi kuwa dattijon ko numfashinsa ban ji ba. Hantsi ya yi sosai muka isa wata tsaga da sai ka karkace kafaɗa za ka shige. Da muka ɓulla ta ɗaya gefen sai na tsaya cak. Kwazazzabo ne mai inuwa, ga dabino, ga ciyawa kore shar, ga kurciyoyi. A tsakiya, cikin kwarmin dutse, ga ruwa kwance garau, har ana ganin ƙananan kifaye a ƙasansa. Na durƙusa na sha, sanyinsa ya ratsa ni har ƙeya. Na fi shekara ban sha ruwan da ba shi da wari ba.

Can gefe bukkokinsu ne na tabarma da fata, da awaki, da matarsa, da jikoki suna leƙena. Agali ya taɓa ni ya nuna sama. A kan wata 'yar baranda ta dutse da ko kyanwa ba za ta tsaya ba, ga wasu raguna jajaye-jajaye da ƙahoni a murɗe, gashi ya zubo musu daga wuya har gwiwa. Ragon dutse ke nan. Suna kallonmu, muna kallonsu.

Ya ce, "Ruwan ga bai taɓa ƙafewa ba tun kakan kakana. Mu da su muke sha, mu da rana, su da maraice. In yunwa ta matsa nakan kama guda, namiji, da ƙafata nake bin shi." Ya cika mini salka ya ɗora mini a kafaɗa. "Bakano, idonka ya gani. Bakinka bai gani ba."

Na ce, "Na ɗauki amana, Baba."

Na riƙa juye ruwan a butar shayi don kada a gane. In ya ƙare sai Agali ya ajiye wata salkar a bayan wani dutse in je in ɗauko. Cikin ikon Allah cikin Ɗanladi ya tsaya. Ya fara shan kunu, ya fara zama, ran da ya ce kunun nawa ya yi kama da ruwan wanki na san ya dawo duniya. Na gaya masa inda ruwan yake fitowa da alkawarin da na yi, ya sa hannu a ƙirji ya rantse da Littafinsu.

Wata la'asar yana zaune a kan tabarma da moɗa a hannu, sai ga Mai Lofe ya ɗaga labulen tanti ya shigo. Katafila ce ta lalace, ya zo ya ga yaushe makanikensa zai tashi. Ɗanladi kuwa ɗan Kano ne, ko da sunansa Sande. A garinmu ba a samunka kana ci ko kana sha ka ƙi yin tayi, ko maƙiyinka ne. Shi ma wanda aka yi wa tayin ya san abin da zai ce, ya ce alhamdu lillahi, a sha lafiya, a wuce wurin. Kafin tunaninsa ya iso, hannunsa ya riga ya miƙa moɗar, bakinsa ya ce, "Bismillah."

Bature bai san ana ƙin tayi ba. Ya cire lofensa, ya karɓa, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sansana moɗar, ya kai ta bakin tanti ya duba a haske, ya shanye sauran. Sannan ya dube mu ya ce, "Ruwa ina?"

Na ce ruwan duro ne na tace da tsumma. Ya yi dariya har ya dafa ciki, ya buga kafaɗata ya fita. Ɗanladi ya bi moɗar da kallo a ƙasa, ya ce, "Bukar, me na yi?" Na sunkuya na ɗauke ta. Da ni ne ke riƙe da moɗar, abin da zan yi ke nan.

Mai Lofe bai matsa mana da tambaya ba, bai ma buƙata. Akwai ƙaramin jirgin sama da ke kawo musu saƙo, sai ya sa aka yi ta shawagi da shi a kan duwatsun. Kore ba ya ɓuya a cikin baƙin dutse.

Agali ya je ya tsaya a gaban tantin Mai Lofe, ni aka kira in yi tafinta inda Hausar Baturen ta gaza. Ya ce su ɗebi ruwa yadda suke so, shi zai ba da jakuna da salkuna, 'ya'yansa su yi ta kawowa, amma kada a kai nakiya wurin. Mai Lofe ba mugu ba ne irin wanda ake ba da labari, mutum ne dai da ba ya jin abin da bai shafi aikinsa ba. Ya ce injinsa ba ya shan ruwan salka. Ya ce ai alheri zai yi musu, za su sami hanyar mota har ƙofar gida. Ya sa aka ba dattijon sukari da ganyen shayi. Agali ya bar su a ƙasa inda aka ajiye.

Aka fasa tsagar. Kwanaki ana tayar da nakiya, duwatsu suna ruri, har aka buɗe hanyar da lori za ta shiga. Baraguzai suka danne rabin dabinon. Kurciyoyi suka watse. Aka girke injin jan ruwa a bakin kwarmin, aka zura tiyo, injin ya kama ƙara tatata tun safe har yamma. Ragunan dutse suka gudu can ƙololuwa, amma ƙishirwa ba ta bar su ba, babu wani ruwan a kusa. Da maraice sai su gangaro a hankali, Turawa kuma suna zaune a kan lori da bindigogi. Aka aiko a kira ni da wuƙa. Na ce wuƙar ta ɓata. Leburori suka zage ni tas, suka ce zan sa su cin gaya, wani daga cikinsu ya ɗauko tasa ya tafi. Ƙin da na yi bai tsirar da ko guda ba. Da dare ya yi ni na dafa naman, don aikina ne.

Sai ruwan ya fara ja da baya fiye da abin da injin ke sha. Ko an kashe injin, da safe sai a ga ya ƙara sauka. Nakiyar ce ta tsaga ƙasan kwarmin, ruwan yana tsiyayewa ta inda ba mai iya toshewa. Ba a daɗe ba ya koma taɓo, kifayen suka bushe a kai. Turawan suka naɗe tiyonsu, aka koma ruwan duro.

Ɗanladi ya ce sai ya je ya durƙusa a gaban Agali. Muka hau tare, wannan karon ta hanyar mota. Muka tarar da toka a murhu, da kashin awaki, da ramukan da aka cire turakun bukka. Su Agali sun tashi. Daga ranar Ɗanladi ya daina tsokanata, ni kuwa da na sha cewa bakinsa ya ishe ni, sai na rasa abin da ke mini daɗi.

Man da aka zo nema ba a same shi ba. Ƙasar dai ba ta ce musu komai ba. Wata safiya aka ce a kwance tantuna. Muka bar durori da gwangwanaye da tarin waya, da ramuka a jere har iyakar gani, da wata hanya fetal da ta shiga cikin dutse ba ta zuwa ko'ina. A Agadas na nemi tsohuwar nan mai fura aka ce ta rasu. Sauran hanyar ban riƙe komai a cikinta ba, barci nake yi a zaune.

Uwar Ɗanladi ta yi rawa a tsakiyar layi ran da muka iso, ta rungume ni da hannuwanta na manja har ta ɓata mini riga. Ɗanladi ya koma garejinsa, ya murmure, ya yi aure. Ni na koma tukubata. Ba mu cika zancen arewa ba, in muka haɗu sai mu yi hirar 'yan siyasa da tsadar nama.

Bayan damina biyu, wata ranar kasuwa na ratsa ta wani layin kantuna a Sabon Gari ɗauke da tiren nama, sai na ga wani Buzu zaune a kan buhu a bakin ƙofar wani sito, da sanda a gefensa. Na wuce, na dawo. Idanun ne na gane. Ya rame, rawanin ya koɗe.

Na sauke tiren na durƙusa. "Baba Agali?"

Ya daɗe yana dubana. "Bakano. Ashe garinku ne nan."

Muka gaisa, na tambayi iyali. Ya ba ni labari a taƙaice, kamar na wani ne ba nasa ba. Sun bi rijiyoyin wasu, masu rijiya suka ce su ma bai ishe su ba. Awakin suka ƙare a hanya. Ƙaramar jikarsa ma a hanya aka binne ta. Matarsa tana wurin dangi a Agadas, shi ya biyo ayarin masu kanwa ya sauka a Fagge, wani ya samo masa gadi.

Na buɗe baki in gaya masa yadda aka yi, zancen moɗa da tayi, da cewa ba wanda ya sayar da shi. Na daɗe ina shirya maganar nan a raina. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, "Abokin naka fa? Cikin ya tsaya?"

Na ce, "Ya tsaya, Baba. Yana nan bayan kasuwa, har matarsa ta haihu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, madalla. Ashe ruwan bai tafi a banza ba."

Daga cikin siton wani ya ƙwala kira, "Kai Buzu! Mota ta zo, buɗe ƙofa!" Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya tafi ya buɗe.